Babi na Shida: Masu Yi wa Ma'aikacin Banki Shaida

A zamanin da fataken Kano ke kora jakuna zuwa Gwanja neman goro, mutumin da ya yi nufin barin dukiyarsa a hannun wani ba ya bukatar takarda ta gaya masa halin wanda zai riƙe masa, domin ya san maigidan da yake sauka wurinsa a Salaga, ya san ubansa, ya san malamin da ya karantar da shi, kuma ya tabbata cewa ranar da maigidan nan ya ci amanar baƙo guda, kafin ayari na gaba ya taso labari ya riga ya kai kowane zango, gidansa kuwa ya mutu ke nan. A cikin birni ma kowace sana'a tana da shugabanta, mahauta da Sarkin Pawa, maƙera da Sarkin Maƙera, dillalai da nasu, kuma yaro ba ya zama gwani sai ya daɗe a gaban wanda ya fi shi, ya koyi aikin hannu tare da ladubban da ke tafe da shi. Malaman fiƙihu kuwa, waɗanda suka karanta Risala da Muhtasar, sun riga sun shimfiɗa hukunce-hukuncen ciniki da rance da jingina da wadi'a da ƙiradi, sun bayyana lokacin da wanda aka ba ajiya zai yi ramuwa da lokacin da ba zai yi ba, suna kafa hujja da ayar bashi ta cikin Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma wadda ta yi umarni da rubuta bashi da kafa masa shaidu.

Da banki ya zo sai ya rushe wannan sanayya. Mutum ya miƙa kuɗinsa ta taga ga saurayin da bai taɓa gani ba, wanda watakila wata mai zuwa an mai da shi wani gari, shi kuma saurayin ya zuba su cikin wata rijiya wadda mai kuɗi bai san zurfinta ba, wasu mutane a Legas ko a Landan su yanke shawarar wanda za a ranta wa. Ana ba da labari cewa a 1929 Alhasan Ɗantata ya kai wa bankin Turawa na Kano azurfa kayan raƙuma 20, kuma ko da adadin raƙuman ya ƙaru a bakin masu riwaya, abin da labarin ke nunawa a fili yake, wato attajirin da ya ƙware a tsohuwar hanya ya yarda ya sallama dukiyarsa ga sabuwa. To, wa zai tsaya wa wannan baƙon ma'aikaci shaida, ya ce ya san aikinsa kuma hannunsa tsarkakakke ne? Saboda amsa wannan mas'ala aka kafa ƙungiyoyin da wannan babi yake magana a kansu.

Asalin al'adar daga Birtaniya take. Ma'aikatan bankunan Sikotilan su ne suka fara kafa cibiyarsu a 1875, na Landan suka bi sahu a 1879, manufarsu kuwa ita ce akawu da ya shiga aiki yana yaro ya riƙa karatu da dare bayan an rufe littattafai, ya zauna jarrabawa a kan dokar ciniki da lissafin kuɗi da hukuncin caki da sharuɗɗan ba da rance, in ya ci a ba shi shahada wadda kowane banki zai karɓa. Bankunan Turawa da suka zo Afirka ta Yamma sun taho da wannan al'ada. Na farko ya buɗe a Legas a 1892, a 1894 kuma aka kafa wanda ya gaje shi, shi ne a yau ake kira First Bank, sa'an nan Barclays ya zo da sunansa a 1925, wanda daga baya ya zama Union Bank. Sai dai waɗannan bankuna hidimar gwamnatin mulkin mallaka da manyan kamfanonin Turai suka sa a gaba, ɗan ƙasa kuwa, in ya sami shiga, ba ya wuce kujerar akawu, kuma in ya zo neman rance sai a nemi jinginar da ba shi da ita.

Wannan ƙunci shi ya tunzura 'yan ƙasa suka kafa nasu, kuma a nan ne aka sha darasi mai ɗaci. Bankin farko na 'yan ƙasa, wanda aka buɗe a Legas a 1929, bai cika shekara biyu ba ya rushe. Daga 1947 zuwa 1952 kuwa aka yi ta buɗe bankuna barkatai, domin babu dokar da ta hana duk mai ɗaki da tebur da hatimi ya kira kansa mai banki, mafi yawansu kuma suka nutse da kuɗin talakawa cikin 'yan shekaru, cikin bankunan 'yan ƙasa gaba ɗaya ba a tsira ba sai kaɗan, irin su National Bank na 1933, da Agbonmagbe na 1945 wanda ya zama Wema, da bankin da Dokta Azikiwe ya kafa. Masu binciken wancan zamani sun jingina rushewar ga ƙarancin jari, da jahiltar aikin, da ɗabi'ar masu banki ta ranta wa kansu da 'yan uwansu kuɗin da aka ba su ajiya. Mai karatu ya riƙe waɗannan dalilai uku, gama zai sake gamuwa da su. Gwamnati ta yi dokar banki ta farko a 1952, wadda ta wajabta lasin da mafi ƙarancin jari, aka kafa Babban Bankin Nijeriya da dokar 1958, ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959, a 1963 kuma Alhaji Aliyu Mai-Bornu ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabance shi.

A wannan shekara ta 1963 ɗin ce, a watan Nuwamba, aka kafa a Legas reshen cibiyar Landan, wanda sannu a hankali ya tsaya da ƙafafunsa, ya sami rajista a 1976, sa'an nan dokar soja mai lamba 12 ta 1990 ta ba shi cikakken ikon tsara sana'ar, ya zama Cibiyar Ƙwararrun Ma'aikatan Banki ta Nijeriya, wadda aka fi sani da CIBN. Majalisar Tarayya ta sabunta dokar a 2007, hedikwatar cibiyar kuwa tana unguwar Victoria Island a Legas, tana da rassa a jihohi. Aikinta, in aka taƙaita, shi ne ta ƙayyade ilimin da ya wajaba ga mai son shiga sana'ar, ta yi masa jarrabawa, ta rubuta sunansa cikin rajista, ta kuma hukunta shi in ya saɓa ladabi. Wanda ya gama jarrabawa yakan liƙa haruffan ACIB a bayan sunansa, wanda ya daɗe ya yi fice kuma a ɗaga shi zuwa FCIB. Tana shirya taron shekara-shekara inda shugabannin bankuna da jami'an gwamnati ke haɗuwa, tana fitar da mujalla, tana tantance makarantun horarwa da bankuna suka buɗe wa ma'aikatansu, tana kuma da shahada ta musamman domin ma'aikatan ƙananan bankunan da ke mu'amala da masu ƙaramin ƙarfi.

Duk wanda ya tashi a gidan ilimi zai gane wannan tsari nan take, domin ijaza ce a cikin wata riga: malami ya shaida cewa ɗalibi ya karanta littafi kaza a gabansa, ya fahimta, an yi masa izinin karantarwa. Amma akwai bambanci guda wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Shehin da ke ba da ijaza ya zauna da almajirinsa shekaru, ya ga cinsa da shansa, ya ga yadda yake da maƙwabci da mabaraci, saboda haka shaidarsa ta haɗa ilimi da adala, kamar yadda malaman hadisi ba sa karɓar riwaya sai mai riwayar ya haɗa kiyayewa da amana. Cibiya kuwa ba ta ga ɗalibinta ba sai a zauren jarrabawa, inda aka ba shi lamba a maimakon suna, abin da takardar amsarsa za ta iya nunawa kuwa shi ne ya san hukunci, ba ta da ikon nuna ko zai bi shi ranar da shugabansa ya kira shi ofis ya rufe ƙofa, ya ce ya sa hannu a kan rancen da su biyun suka san ba za a biya ba.

Tarihin da ya biyo baya ya gaskata wannan tsoro. Bayan da gwamnatin Janar Babangida ta sassauta dokokin kuɗi daga 1986, bankuna suka yawaita har suka haura 100, da yawansu ba su da sana'a sai cinikin kuɗin waje, su saya a farashin gwamnati su sayar a bayan fage. An kafa hukumar inshorar ajiya, wato NDIC, a 1988, kuma ba ta daɗe ba aiki ya yi mata yawa. A 1994 gwamnatin Janar Abacha ta yi dokar bankunan da suka durƙushe, ta kafa kotuna na musamman, manyan mutane suka kwana a kurkuku, a watan Janairu 1998 kuma aka soke lasin bankuna 26 a rana guda. Sa'an nan a 2004 gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jari daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25 a ƙarshen 2005, aka ce ai yanzu an magance ƙarancin jari. Shekara huɗu ba su cika ba, ranar 14 ga Agusta 2009, magajinsa Malam Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, wato Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union, ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su nutse da kuɗin jama'a, daga baya wasu suka biyo har jimillar ta kai biliyan 620, a 2010 kuma aka kafa hukumar AMCON domin ta saye ruɓaɓɓun basussuka.

Abin lura a nan shi ne, daga dalilai ukun nan na farko, biyu sun riga sun kau a 2009. Jari ya yi yawa fiye da kowane lokaci, ilimi kuwa ba a magana, gama waɗanda suka jagoranci bankunan nan mutane ne masu digiri a kan digiri, waɗanda suka san kowace ƙa'ida da suka karya. Na ukun ne ya rage, wato ranta wa kai da abokai, da zuba ajiyar mutane cikin cinikin hannun jari don a kumbura farashin bankin kansa. A ganina, wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna kowace ƙungiyar sana'a da shi: yawan waɗanda ta yaye abin alfahari ne a ranar biki, amma ƙimar shahadarta tana rataye ne ga ko tana iya ƙwace ta daga hannun babban mutum. Dokar cibiyar ta tanadi kwamitin bincike da kotun ladabtarwa mai ikon goge suna daga rajista, kuma wannan tanadi ne mai kyau. Sai dai ƙungiyar da bankuna ke cikin mambobinta, waɗanda shugabanninsu ke zama a sahun gaba a tarurrukanta, tana cikin tsaka mai wuya duk ranar da mai laifi ya kasance ɗaya daga cikinsu, shi ya sa a 2009 Babban Banki da hukumar EFCC ne suka ɗaga sanda. Ƙaramin akawu da ya ɗauki dubu hamsin daga aljihun tebur, wannan kam hukuncinsa ba ya jinkiri: a kore shi, a kai sunansa Babban Banki, ba zai ƙara samun aiki a wani banki ba.

Ba adalci ba ne a tsaya a nan, domin akwai aikin da cibiyar take yi wanda talaka zai amfana da shi in ya sani. Kwamitin shugabannin bankuna yana da ƙaramin kwamiti na ɗa'a da ƙwarewa, wanda sakatariyarsa take a cibiyar, yana sauraron ƙorafin abokan hulɗa a kan bankunansu, musamman cajin da ya wuce ƙa'ida da ruwan da aka ɗora ba bisa yarjejeniya ba, kuma ta hanyarsa an mayar wa mutane kuɗi masu yawa ba tare da zuwa kotu ba. Amma ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Dawanau da ya ga an zare masa wani abu bai san dalili ba, sau nawa ya taɓa jin labarin wannan kwamiti? Yakan je wurin manaja ya yi ƙorafi, a ba shi haƙuri da ruwan sanyi, ya fito yana cewa Allah ya isa, alhali kuwa akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa, sai dai tana Legas kuma da Turanci ake magana a bayanta.

Akwai kuma wani al'amari da ilimin aji ba ya kaiwa gare shi, shi ne halin da ma'aikacin yake ciki. Da yawa daga matasan da ke zaune a bayan taga a yau ba ma'aikatan bankin ba ne na dindindin, wani kamfani ne ya ɗauko su haya, albashinsu kaɗan, ba su da tabbacin gobe, alhali miliyoyi na wucewa ta hannunsu kullum, kuma rahotannin shekara-shekara na NDIC sun sha nuna cewa wannan rukuni yana da kaso babba cikin ma'aikatan da aka kama da zamba. Wasu kuma, galibi 'yan mata, ana ɗora musu adadin ajiyar da za su jawo cikin wata, in sun gaza a sallame su, kowa kuwa ya san irin ƙofofin da wannan yake tura 'yar mutane ta ƙwanƙwasa. Karantar da babin amana ga wanda aka jefa cikin wannan hali, ba tare da an yi magana da waɗanda suka jefa shi ba, aiki ne rabi, kuma cibiyar da take da kunnen shugabannin bankuna ita ce mafi cancantar faɗa musu.

Sabon fagen da ya buɗe a 'yan shekarun nan, wanda ya fi shafar mutanenmu, shi ne na bankin da ba ruwa. Mutane da yawa a Arewa sun ƙaurace wa banki tun asali saboda tsoron riba, suka gwammace adashi da sayen dabbobi da binne kuɗi a ɗaka. Bayan ƙa'idojin da Babban Banki ya fitar a 2011, waɗanda suka jawo muhawara mai zafi a ƙasar, Jaiz ya fara aiki a Janairu 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017 domin gina hanyoyi. Wannan fage yana bukatar ma'aikaci mai idanu biyu, wanda ya san lissafi da dokar ƙasa, ya kuma san bambancin murabaha da ijara da musharaka, ya gane dalilin da ya sa fuƙaha'u suka shardanta cewa banki ya mallaki kaya kafin ya sayar, domin in aka tsallake wannan sharaɗi an koma ga rance da ruwa, suna kawai aka sauya. Irin wannan mutum ba shi da yawa. Ɗalibin zaure ya san babin ciniki amma bai taɓa ganin takardar ma'aunin kadara da bashi ba, ɗan boko ya san takardar amma yana ɗaukar sharuɗɗan fiƙihu a matsayin al'adar da za a cika a wuce. Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe cibiya ta musamman domin wannan fanni, Babban Banki yana da majalisar masana da ke duba halaccin mu'amaloli, kowane banki irin wannan kuma yana da tasa, amma majalisa a sama ba ta wadatar ba in wanda ke cika takarda a reshen Gusau bai fahimci abin da yake cikawa ba.

Labarin da ya fi ɗaukar hankalin masu sana'ar a 2024 shi ne na sabon ƙarin jari. A watan Maris 2024 Babban Banki, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya umarci bankunan da ke aiki har ƙasashen waje su kai jarinsu naira biliyan 500, na ƙasa baki ɗaya biliyan 200, na yanki biliyan 50, bankunan da ba ruwa kuma biliyan 20 ga na ƙasa da biliyan 10 ga na yanki, aka ba su wa'adi zuwa ƙarshen Maris 2026. A watan Yuni na 2024 ɗin aka soke lasin bankin Heritage, a shekarar kuma NDIC ta ɗaga abin da take lamunce wa kowane mai ajiya a manyan bankuna daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. Hujjar ƙarin jarin a bayyane take, tunda faɗuwar darajar naira ta cinye biliyan 25 na zamanin Soludo. Amma wanda ya tuna 2005 ya san cewa banki mai sabon jari banki ne mai neman inda zai zuba shi cikin gaggawa domin ya faranta wa masu hannun jari, kuma a irin wannan lokaci ne jami'in rance da ke iya cewa a'a yake zama abin ƙi a ofishinsa.

A ƙarshen layin kuma akwai wanda ba ya cikin rajistar kowa a matsayin ƙwararre. Tun ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023, mutanen ƙauyuka da na unguwanni da yawa ba su san wani banki ba sai yaron da ke zaune ƙarƙashin laima da na'urar POS a hannu. Shi yake karɓar ajiya, shi yake biya, shi tsohuwa take miƙa wa katinta har ta faɗa masa lambar sirri domin ba ta iya dannawa, shi ne kuma wanda ake tambaya in kuɗi ya maƙale a hanya ko wani ya bugo waya yana neman lambar BVN da sunan daga banki yake. Ƙa'idojin Babban Banki sun ɗora wa bankuna da kamfanonin da suka ba shi na'urar alhakin horar da shi, amma horon da yawancinsu suka samu bai wuce yadda ake kunna ta da sa mata takarda ba. Cibiyar da ta faro da karantar da akawun Legas darussan Landan tana da gogewar shirya manhaja ga wanda yake karatu bayan aiki, kuma abin da wannan yaro yake bukata bai kai nauyin ACIB ba: 'yan darussa da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci a kan sirrin abokin hulɗa, da gane kuɗin jabu, da alamomin 'yan damfara, da inda ake kai ƙorafi, a yi masa jarrabawa ta wayar da ke aljihunsa, a ba shi shaida mai lamba da zai rataya a rumfarsa, wadda za a iya karɓewa in an kama shi da ha'inci.